Ruwan da ke ƙarƙashin yashi: abin da ya faru a aikin sauya wata gada kusa da Jega

Ƙoramar da zan yi magana a kanta ba ta cikin manyan taswirori. Daga tudu take gangarowa, ta ratsa gonakin gero da dawa, ta buɗe cikin fadama, sannan ta faɗa Gulbin Zamfara, wanda ke bi ta Jega ya je ya haɗu da Gulbin Sakkwato kafin ruwan ya isa Neja. Daga Yuni zuwa Satumba cika take yi ta batse, in an yi ruwan dare babu mai tsallake ta da ƙafa. Zuwa Disamba ta zama siririn zare a tsakiyar yashi. Zuwa Maris kuwa, baƙon da ya tsaya a kan gada ya leƙa zai rantse babu ɗigon ruwa a wurin.

Tsohuwar gadar ƙunci gare ta, mota ɗaya take ɗauka. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi, ta ƙwaƙule ƙasan ginshiƙinta na tsakiya har ya karkata, bisan gadar ya tsage. Tun daga nan manyan motocin albasa da na shanshera sai su tsaya a sauke kaya a ƙetare da su a kan babur. Da aka ba da kwangilar rushe ta a gina sabuwa, ni aka tura daga ɓangaren masu sa ido, aikina shi ne kula da muhalli. Ba zan kira sunan garin ba, ba zan kira sunan kamfanin ba. Abin da nake so shi ne wanda gobe za a ba irin aikina ya san ta inda ɓarna ta shigo mana, domin ta ƙofar da muka tsare ba ta shigo ba.

Masu shan ruwan

Makon farko ban taɓa takarda ba. Da sassafe nake bin ƙoramar da ƙafa daga gada zuwa gangare, in tsaya in ga wa ya zo, me ya zo yi.

Kusa da gada, ta ƙasa, 'yan mata da tsofaffi ke ɗibar ruwa. Ba daga zaren ruwan da ke gudu suke ɗiba ba. Rami suke tonawa a yashi da ƙwarya ko fasasshen kwano, zurfin kamu ɗaya zuwa biyu, su zauna su jira. Ruwa ya tsattsafo daga ƙasa, na farko su kwashe su zubar, na biyu ya taru garau da sanyinsa, sai su riƙa ɗiba da ludayi a hankali don kada yashi ya tashi. Garin na da famfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya, layinsa ba ya ƙarewa, kuma in ya lalace sai an yi karo-karo. Saboda haka ruwan sha da na girkin gidaje da yawa daga waɗannan ramuka yake fitowa.

Gaba kaɗan akwai 'yan noman rani da ƙananan rijiyoyinsu na bututu da injinan ban-ruwa. Albasa ta fi yawa, kamar yadda aka san yankin Aliero da kewaye, sai tattasai da tumatir. Daga nan sai mashaya, inda burtali ya sauko. Can ƙasa kuma akwai wani gurbi mai zurfi a gindin gaɓa wanda ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Kifin ƙoramar duka can yake taruwa ya jira damina, kuma a hannun Sarkin ruwa yake: babu mai jefa homa sai ranar da ya buɗe su. Irin tsarin ne da ya riƙe kifin Matan Fada a Argungu, sai dai wannan ba ya da 'yan kallo.

Na rubuta duk wannan a rahotona na farko. Na san da ramukan tun ranar farko, kuma wannan ne ya sa abin da ya biyo baya ya fi yi mini ciwo.

Tsarin da muka shiga da shi

Doka ba ta bar wannan fanni haka nan ba. Tun 1992 akwai doka mai lamba 86 da ta ce a auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, kuma a 2007 aka kafa hukumar NESREA don tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce duhun ruwa kada ya wuce 5 a ma'aunin NTU, ma'aunin pH kuma, wanda ke auna tsami ko kanwar ruwa, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. A kan waɗannan muka ɗora tsarinmu, kuma tsarin ba laifi. Abokin gaba ɗaya dai ya fi ganewa, wato laka.

An zaɓi rani don a yi aikin cikin ƙorama lokacin da ruwa ya ja baya. Hanyar wucin gadi da motoci za su bi, mun sa aka shimfiɗa tamfol a kan yashi kafin a zuba jar ƙasa, aka jera manyan bututun kwalbati a ƙasa, aka daɓe gefe da gefe da buhunan yashi. Amfanin tamfol ɗin shi ne ranar kwashewa a san inda ƙasarmu ta ƙare, inda yashin ƙorama ya fara. A gindin duk tarin ƙasa mun kafa shinge. Yadin da aka rubuta a takarda bai iso da wuri ba, sai muka sayi zana a kasuwar garin, muka binne gindinta taƙi ɗaya a ƙasa, muka ɗaure ta da turaku. Ta yi aiki, kuma kuɗin ya tsaya a garin.

Wajen rusau mun shimfiɗa tamfol da yashi a ƙarƙashin gadar, duk abin da ya faɗo a kwashe shi kafin magariba. Ƙarafan gefen gadar na da tsohon jan fenti a ƙarƙashin wanda aka shafa daga baya. Irin wannan fenti na zamanin da sau da yawa da dalma ake haɗa shi. Na hana a kankare shi ko a ƙona shi a wurin, aka kwance ƙarafan ɗungurungum aka ɗora a mota. Wani ya ce na cika tsanani. Na tuna masa da 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabtanmu. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma dalma dalma ce a jikin yaro. Bai ƙara magana ba.

Man gas da baƙin mai an ajiye su a kan tudu nesa da gaɓa. Kowane injin ja ruwa da janareta an ɗora shi cikin rabin durom don kama ɗigo. An haƙa wa leburori masai guda biyu a bayan sansani, kuma a kan wannan ban yi wa kowa sassauci ba, domin mutum talatin in suka mai da yashin ƙorama bayan gida, abin zai ƙare ne a tulun wani. Annobar amai da gudawa ta 2021 ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, kuma arewa maso yamma na cikin inda ta fi yin ɓarna.

Gwaji kuwa, wuri biyu na ware: ɗaya sama da gada, ɗaya ƙasa da ita. Safe da yamma in ɗebi ruwan da ke gudu, in duba duhunsa a bututun gilashi, in tsoma takardar gwajin pH, in rubuta.

Alherin da ya zama hanya

A Fabrairu aka fara haƙa ramin ginshiƙai. Ba a yi zurfin tsayin mutum ba aka tarar da ruwa, kuma ba kaɗan ba. Yashin nan cike yake da ruwa kamar soso, yana tafiya a hankali ta ƙarƙashi zuwa gangare. Dole aka kewaye ramin da buhunan yashi aka sa injina biyu suna ja dare da rana. Ruwan da suke fitarwa jajawur yake, saboda haka muka haƙa ramuka biyu a jere a kan gaɓa: ya shiga na farko laka mai nauyi ta kwanta, ya tsiyaya na biyu sauran ta kwanta, sannan ya fita. Da farko wani kwari muke sakinsa, can gefe.

Kwana huɗu da fara ja, matan suka aiko. Ramukansu sun yi ƙasa, inda ake tona kamu biyu yanzu sai an shiga har ƙugu. Wani manomi ma ya ce injinsa ya fara shan iska. Gaskiyarsu ce, injinanmu ke janye ruwan da zai gangara musu. Sai na ba da shawarar a ja ɗan lambatu daga bakin rami na biyu a mayar da tataccen ruwan cikin ƙorama, daidai saman inda suke tona ramukansu, ragowar ya bi gefen gaɓa ya wuce mashaya ya faɗa gurbi. Aka yi haka. Washegari ramuka suka cika, Ardo ya aiko mana da nono, Sarkin ruwa ya ce gurbi bai taɓa kaiwa haka a irin wannan lokaci ba. Na ji daɗi ƙwarai, na kuma sa shi a rahoton wata.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, daga ranar nan ruwan shan garin ya koma bi ta cikin ramin aikinmu. Duk abin da ya taɓa wannan rami, cikin awoyi kaɗan zai isa ludayin wata yarinya.

Da Maris ya shigo, zaren ruwan sama ya ƙafe a wuraren gwajina biyu. Na buɗe littafi na rubuta da hannuna cewa ƙorama ta ƙafe, babu abin gwaji. Ina zuwa bakin rami na biyu kullum, amma duhun ruwan kawai nake dubawa, kuma kullum garau yake. Takardar pH na cikin jakata, ban tsoma ta ba, domin tsari ya ce a auna a cikin ƙorama, ni kuma na riga na yanke cewa babu ƙorama.

A makon ne aka fara zuba kankare. Saboda zafin rana aka mayar da zubin dare, wanda daidai ne, kankare ba ya son a zuba shi cikin ƙunar bazara. Ni kuma ba na kwana a wurin.

Ranar da Inna ta kira ni

Safiya ta huɗu da fara zubi, ina sauka daga mota wata tsohuwa da kowa ke kira Inna ta ɗaga mini hannu daga cikin yashi.

"Injiniya, taho ka taɓa ruwan ga."

Na sauka na gaishe ta na durƙusa. Ruwan ramin fes yake, ana ganin ƙwayar yashi a ƙasa. Na tsoma hannu na murza yatsu, sai na ji santsi kamar an jiƙa sabulu. Na ɗan taɓa a harshe, ɗaci-ɗaci da bauri.

"Tun shekaranjiya muka ji shi haka," in ji ta. "Jiya na ɗora wake ban sa kanwa ba, ya narke kamar na zuba ta da yawa. Dubi hannun ɗiyar nan."

Ta jawo jikarta. Tafin hannun yarinyar ya yi fari ya bushe, tsakanin yatsu ya tsattsage, ita ce mai wanke-wanken gidan.

"Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Mi kuka zuba?"

Na ciro takardar gwaji na tsoma. A ruwa mai lafiya kore take zama. Wannan kafin in ɗago ta ta yi shuɗi mai duhu, ta wuce 10. Na haura da gudu zuwa bakin rami na biyu, can har ta fi duhu. A gefen lambatun da na sa aka ja, wani farin ɓawo ya kwanta a kan yashi kamar an barbaɗa alli. Na bi shi har gurbi. Ƙananan karfasa na yawo a sama ciki a waje, tarwaɗa sun taru a baki suna haɗiyar iska. Wani yaron Fulani ya ce shanunsu tun jiya sai su sunsuna su juya.

Ga abin da ke faruwa, ga wanda bai sani ba. Ma'aunin pH daga 0 yake zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa da ruwan toka. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, ba ƙari ɗaya ba. Siminti in ya haɗu da ruwa yana sakin sinadarin farar ƙasa, kuma ruwan wankin injin kwaɓa kankare yakan kai 12 ko fiye. Shi ya sa hannun magini ke tsagewa. Kifi kuwa ta wannan jan abu mai laushi da ke ƙarƙashin kunnensa yake numfashi, ruwan siminti ƙona shi yake yi. Ramukanmu biyu an yi su ne don abin da ke kwanciya. Laka tana kwanciya, yashi ma yana tace ta. Abin da ya narke a ruwa ba ya kwanciya, kamar yadda ba a tace gishiri daga miya da rariya. Ruwanmu ya fita garau ɗauke da kaifinsa.

Kafin azahar na gano ƙofofi biyu. Ramin wankin injin kwaɓa da muka shimfiɗa wa leda yana can kan tudu, ya cika da busasshen siminti ba a kwashe ba. Da ƙarfe uku na dare, a gajiye, ma'aikata sai suka riƙa wanke injin da baro da shebur a wani ɗan kwari dab da ramin ginshiƙi. Ɗayansu ya ce mini, da zuciya ɗaya, "Yallaɓai, ai yashi ne, shanyewa yake yi." Ya shanye kuwa, injinanmu kuma suka jawo shi ta ƙasa. Ta biyun ita ce an bar injin yana ja daga cikin ramin ana tsakiyar zubi, ruwan da ke wanke ɗanyen kankare yana bin bututu kai tsaye.

A zauren Hakimi

Na kashe injinan, na sa aka toshe lambatun, na aika gida-gida a daina shan ruwan ramuka a kuma zubar da na cikin tuluna. Da la'asar muka taru a zauren Hakimi: shi, Sarkin ruwa, Ardo, liman, manajan ɗan kwangila, da ni.

Manajan ya fara da cewa zafi ne ya kashe kifin, kowace bazara ana ganin haka. Maganarsa ba shirme ba ce, ruwan da ya ɗumama yana rasa iskar da kifi ke shaƙa, kuma kifi kan mutu a haka. Sarkin ruwa ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, zafi kan kashe kifi da asuba, in ruwa ya yi ƙasa. Wanga ruwa ya fi na bara yawa, kuma da rana tsaka suke mutuwa."

Na roƙi a kawo ƙwarya biyu. Na aiki yaro ya tono rami sama da gada ya ɗebo, wani ya ɗebo daga ramin Inna. Na miƙa wa Hakimi takardu biyu ya tsoma da hannunsa. Ɗaya kore, ɗaya shuɗi. Daga nan gardama ta ƙare. Na kuma faɗa a gaban kowa cewa lambatun shawarata ce, kuma ni na daina gwaji. Ban faɗa don a yafe mini ba. In da na bar laifin duka a kan leburorin dare, da gyaran da za a yi rabi ne, a kori mutum biyu a bar tsarin yadda yake.

Wani daga cikin ma'aikata ya kawo shawarar a zuba ruwan batir a gurbi, tunda tsami ke kashe kanwa. Na ƙi. Babu mai iya auna daidai a buɗaɗɗen ruwa, in ya zarce an koma wata gubar, ga shi ruwan tsohon batir ɗauke yake da dalma.

Gyara

A daren aka fara kawo tankar ruwa, ɗan kwangila ya biya, kuma aka gyara famfon garin. An kwashe yashin kwarin da aka yi wanki har sai da takarda ta daina yin shuɗi a ƙasan ramin, aka kankare farin ɓawon lambatu, duka aka kai tudu. Sai muka tona rami mai faɗi sama da gada, inda aikinmu bai taɓa ba, muka sa injin yana turo ruwa mai kyau ta dogon tiyo, ya tsallake wurin aiki, ya sauka a ramukan mata da gurbi don ya surka na ciki. Ruwan ramin ginshiƙi kuma aka raba shi da na gari har abada. Aka haƙa masa fili mai faɗi marar zurfi a kan tudu, da leda a ƙasa. In ruwan siminti ya baje ya sha iska, iskar na mayar da sinadarin ya zama alli ya kwanta, kaifin ya ragu. Wanda ya sauka daidai a yayyafa wa hanya don ƙura, sauran a mayar wajen kwaɓi.

Dokokin zubi suka canja. A kashe injin ja kafin kankare ya sauka, kada a tayar sai ya kama, kuma ruwan farko da za a ja bayan nan filin tudu zai tafi. Ramin wanki ya zama biyu, ana amfani da ɗaya ana kwashe ɗaya, kuma aka matso da su bakin hanya inda baro zai kai ba wahala, domin abin da aka ajiye nesa da gajiyayyen mutum ba zai yi amfani da shi ba. Ban-ruwan ginshiƙai ma mun daina yin sa da tiyo. Aka naɗe su da jiƙaƙƙen buhun algarara aka rufe da leda, ruwa kaɗan, babu tsiyaya. Duk daren zubi kuma ina wurin har a wanke shebur na ƙarshe.

Abin da ya fi komai amfani bai ci kuɗi ba. Mun yanka bututun roba huɗu, muka tsattsaga gindinsu, muka kafa a yashi har cikin ruwan ƙasa: ɗaya sama da gada, uku ƙasa da ita. Nan ne wuraren gwaji na gaskiya. Na ba jikar Inna da wani ɗan Sarkin ruwa takardun gwaji da katin launuka. Kowace safiya kafin a fara ɗiba su tsoma. In kore ne a ɗiba, in ya karkata shuɗi a tsaya a kira ni. Sau ɗaya suka kira, ranar da ledar filin tudu ta yage, kuma sun riga ni gani da awa biyu.

Ramukan sun koma ƙasa da 8.5 cikin mako guda da 'yan kwanaki. Ba mu sallami tanka ba sai da aka jera kwana uku ana samun kore.

Kafin ruwan farko

Rigima ta ƙarshe a kan hanyar wucin gadi ce. Ƙarshen Mayu an buɗe sabuwar gada, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ɗan kwangila na son kwashe injinansa zuwa wani aiki. Manajan ya ce a bar hanyar, ruwan farko zai share ta. Zai share ta kam, ya kai tifa-tifa na jar ƙasa ya juye a gurbi da bakin fadama inda ake shirin zuba irin shinkafa. Shugabana ya tsaya mini, ya ƙi sa hannu a takardar biya sai an kwashe. Kwana uku aka yi, har aka kai ga tamfol aka naɗe shi. Gaɓar da muka sare aka jera mata dutse a ƙasa, sama kuma aka dasa jema da kiri-kiri, aka rufe da tsohuwar zanar shinge kafin su kama.

A nan na ga raunin takardar kwangilar. Kula da muhalli layi ɗaya ne a cikinta, kuɗi dunƙule, babu bayanin me za a yi. Siminti da rodi kowanne da adadinsa da farashinsa, shi ya sa babu mai mantawa da su. A aikin da na je bayan wannan na dage sai da aka rubuta ramin wanki, bututun gwaji, masai da kwashe hanyar wucin gadi kowanne a layinsa, ba a biya sai an gani da ido.

Ruwan farko ya sauka cikin Yuni da dare. Da safe na tsaya a kan sabuwar gada, ƙorama ta kawo ja kamar kowace shekara, launinta ɗaya sama da ƙasa. Dutsen gaɓa ya tsaya, jema ta kama a gefen yamma, ta gabas ruwa ya tafi da kusan rabinta, sai da aka sake dasawa.

Kifin da ya mutu an yi maganar diyya a zauren Hakimi, an kuma biya wani abu, amma Sarkin ruwa ya ce ba na bana ne damuwarsa ba, iyayen na baɗi ne suka tafi. Bai buɗe su ba a wannan shekarar. Da na koma cikin rani na gaba, ambaliya ta tafi da bututu biyu, biyu na nan. Hannun yarinyar ya warke. Takardun da na bar mata sun ƙare tun kaka, ta kuma tambaye ni ko na zo da wasu. Na ba ta fakiti biyun da ke cikin jakata, ta tsoma ɗaya a ramin da ta tona da safen nan, ta ɗaga ta nuna wa Inna.